Nonon da Aka Ɗura wa Yaya

Har yau ba na shan nono. In aka kawo mini fura a gidan mutane, nakan ce a dama mini da ruwa, sai a yi ta tsokanata, wai ɗan ƙasar Bunkure guda, wanda ya tashi rugar Fulani na bayan gidansu, ya koma Bature. Nakan ce cikina ne ba ya so. Ƙarya nake yi, cikina lafiya lau yake. Haushi ne kawai, kuma ya haura shekara arba'in a ƙirjina bai huce ba.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da Yaya. Babanmu ya rasu ina aji uku na firamare, sai Yaya ya ɗauki fartanya ya ce ni in ci gaba da boko, shi zai riƙe gona. Baffa, ƙanin babanmu, shi ya zama mai gida. Ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce na zagi mamaci. Mutum ne da tunda aka haife shi ba a taɓa ce masa "ba haka ba ne" a cikin gidansa ba, shi ke nan.

A shekarun saba'in ne ruwan dam ya iso mana ta kanal. Mutanen da suka saba zaman kashe wando da rani, ko tafiya cirani, sai ga su cikin gona wata goma sha biyu: alkama, albasa, tumatir. Yaya ya kama tumatir da hannu bibbiyu. Tumatir kuwa ya zo da tsutsarsa, tsutsa ta zo da maganin feshi. Ranar kasuwa akwai wani mutum da ke zama da babban gwangwani yana tsiyaya wa manoma a kwalaben lemo, ba takarda, ba rubutu, bakin kwalba a toshe da totuwar masara. Wari yake kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Kirarin da yake yi wa hajarsa shi ne, in ya taɓa tsutsa ko shurawa ba ta yi. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Ga kuwa yadda mutanenmu ke aiki da shi. A ɗebi ruwan kanal a bokiti, a zuba magani, a sa hannu a juya kamar ana dama kunu. A juye a tankin famfon feshi, a goya a baya, daga mutum sai singileti, ƙafa ba takalmi. Ruwan kanal da laka da gansakuka, ramin bakin famfo kuwa bai fi kan allura ba, don haka bini-bini ya toshe. To me mutumin ƙauyenmu ke yi in bakin butar alwala ya toshe? Ya kafa baki ya busa. Haka suka mayar da famfon feshi. A kwance bakin, a sa a leɓe, a busa, a tofar, a goge baki da bayan hannu, a ci gaba. Babu wanda ya koya musu, kuma babu wanda ya hana su.

Ni lokacin ina Zariya, ina karatun zama malamin kimiyya. A can na fara jin sunan asitil. Malaminmu ya zana shi a allo, ɗan guntun abu, ƙwayar kabon biyu, haidirojin uku, oksijin ɗaya. Ya ce kada ƙanƙantarsa ta ruɗe mu. Ba ya zama shi kaɗai, kullum a manne yake da wani abu. Yana cikin ruwan tsamin da Turawa ke yayyafa wa ɗanyen ganye, yana cikin asfirin da muke haɗiya in kai na sara, sannan yana cikin jikinmu. Duk sanda jijiya za ta ce wa tsoka "motsa", wani sinadari take aika mata mai suna asitilkolin, wato asitil manne da wani abu da ake kira kolin. Da saƙon ya isa, akwai wani sinadarin da ke tsaye a wurin, aikinsa ɗaya tak: ya cafke asitil ɗin, ya ɓalle shi daga jikin kolin, saƙo ya mutu, tsoka ta huta. Kafin ka ƙifta ido ya yi haka ba adadi.

Sai malamin ya ce mana, irin maganin ƙwarin da ake fesa wa gonaki yanzu, abin da yake yi shi ne ya je ya zauna daram a gurbin da asitil ke zama a hannun wancan mai ɓallewar, ya ƙi tashi. Saƙo ya yi ta zuwa, ba mai kashe shi. Yawu ya yi ta zuba, tsoka ta yi ta rawa, huhu ya cika da ruwa. Haka yake kashe tsutsa, kuma a wannan wurin jikin mutum da na tsutsa ba su da wani bambanci. Sauran ɗalibai rubutu suke don jarrabawa. Ni leɓen Yaya nake gani a bakin famfo.

Da na zo hutu na bi shi gona, na same shi yana ban ruwa. Na ce, "Yaya, in ka ɗaga ƙofar ruwan nan ya shiga fangalin tumatirinka, in ya isa me kake yi?"

Ya ce, "In rufe mana."

"In wani ya zo ya cusa dutse a ƙofar ta ƙi rufuwa fa?"

"Tumatir ya ruɓe, ni da mai dutse mu kwana gaban alƙali."

Na ce masa to jikinsa ma ƙofofi ne haka, maganin nan kuma shi ne dutsen. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. Shi ya fara kirana Malam, da tsokana, tun ban fara koyar da kowa ba. Ya ce, "To Malam, ni da nake busawa in tofar? Ai ba haɗiya nake ba." Na ce ta leɓe ma yana shiga, ta fata ma yana shiga. Ya ce ya ji, zai riƙa sa tsinke. Ya sa tsinken kwana biyu.

Ranar da abin ya faru ina tsakar gida ina wanke rigunana, hantsi ya ɗaga, zafin bazara ya fara. Sai na ji hayaniya a zaure. Maƙwabcin gonarsa ne ya kawo shi a kan jaki, a kife kamar buhu. Aka shimfiɗe shi a tabarma. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, yawu na dalala har wuya, hawaye na zuba ba kuka ba, naman cinyarsa da na kafaɗa sai tsalle suke su kaɗai. Ƙirjinsa na ƙugi kamar tulu in ana cika shi. Na ɗaga fatar idonsa, ƙwayar ta tsuke ta koma kamar ƙwayar gero. Duk abin da aka rubuta a allon Zariya ga shi a tabarmar zaurenmu, ba abin da ya rage.

Na ce a cire masa singileti, a wanke shi da sabulu, a nemo mota a kai shi asibitin Kura, akwai allurar da ake yi. Baffa ko kallona bai yi ba. Ya riga ya aika an kira Bafulatanar da ke tallar nono a ƙofar gidanmu kullum safiya, baiwar Allah, ta sauke ƙwaryarta duka ta ce a ɗauka. A ƙasarmu kowa ya san nono na kashe dafi. Yaro ya ci abin da bai kamata ba, nono. Mutum ya sha kananzir, nono. Ban san wa ya fara faɗa ba, amma an riƙe shi kamar aya.

Baffa ya ce, "A tallafo kansa. A narkar da man shanu a zuba a ciki. In ya amayar, a kwantar da shi a inuwa."

Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, wannan ba irin dafin da aka sani ba ne. Maiƙo ƙara jan sa ciki yake yi. Kuma ba ya iya haɗiya, huhunsa zai tafi."

Ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Matsa."

Inna na tsaye a bakin ƙofar shiga gida, ta kama bango. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zo ta taɓa shi a gaban mutane. Matarsa na bayanta tana kuka ƙasa-ƙasa. Aka buɗe masa baki da cokali aka fara ɗura masa. Rabi na shiga, rabi na dawowa ta hanci. A nan na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba a gidan nan. Na ce, "Wallahi kashe shi za ku yi!" Na fita da gudu, ƙafa ba takalmi, har bakin titi.

Allah ya kawo wata akori-kura ta ɗauko kwandunan tumatir daga wajen Kadawa. Na tsaya tsakiyar hanya na buɗe hannuwa. Direban ya fara zagina, da ya ji abin da ake ciki ya sauke kwando shida a gefen titi ya bar yaronsa a kai, ya juyo. Ni da maƙwabcin gona muka ciccibi Yaya daga hannun masu ɗura. Ban nemi izinin kowa ba. A bayan mota na yage singiletin na jefar, na kwantar da shi a gefe ɗaya, nono da kumfa na fita daga bakinsa suna bin ƙasan mota.

A asibitin sha-ka-tafi na Kura muka sami wani dattijon ma'aikaci, ya taɓa aikin jinya a soja. Ya ɗaga idon Yaya, ya sunsuna bakinsa, bai tambaye ni komai ba. Ya fasa ƙaramar kwalba ya yi masa allura, ya sa kunne a ƙirjinsa, ya ƙara, ya jira, ya ƙara. Atrofin sunanta. Ba ta cire dutsen daga ƙofa, amma tana toshe bakin fangali ruwa ya daina shiga, har jiki ya samu ya gyara ƙofarsa. A gaban idona yawun ya fara tsayawa, ƙugin ƙirjin ya ragu. Dattijon ya sa aka wanke shi da sabulu tas, sannan ya dube ni ya ce, "Wane mai hankalin ne ya ɗura masa nono? Saura ƙiris ku shaƙe shi kafin maganin ya kashe shi." Ni kaɗai na ji wannan maganar. Ya rubuta mana takarda muka wuce babban asibiti a Kano, Yaya ya kwana takwas.

Ranar da muka dawo, tun da safe Inna ta kira ni ɗaki. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce na gode ba, kuma ban sa rai ba. Cewa ta yi, "Ka ɗaga wa Baffanka murya a gaban jama'a, kwana takwas bai ci abincin kirki ba. Shi ne ubanku yanzu. Yau mutane za su zo, ka rufa mini asiri, kada in ji bakinka." Na ce to.

Bayan la'asar zaure ya cika da 'yan barka da arziki. Yaya na jingine da bango a kan tabarma, ya rame, amma yana numfashi kamar kowa. Baffa na ba da labari, ya ba da ya kai sau biyar, kowane karo ƙwaryar na ƙara girma. Ya ce, "Da ba don nonon nan ba, gawa za su kai Kura. Shi ya riƙe shi. Allura ta tarar an gama aiki." Mutane na gyaɗa kai, ana Allah ya saka wa Baffa, Allah ya yi wa shanun Fulani albarka. Duk masu gyaɗa kan nan manoman tumatir ne, kowannensu da famfon feshi rataye a ɗakinsa.

Sai wani dattijo daga unguwar gabas, mutumin kirki, da gaske yake tambaya, ya juyo ya ce, "Malam, kai da ka yi karatun abin, ko ba haka ba ne? Nonon na maganinsa?"

Kowa ya juyo. Baffa ya dube ni, karo na farko cikin kwana takwas. Na san Inna na bayan zana tana ji. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. Amsar na bakina, ba ta fi kalma goma ba. Na haɗiye ta na ce, "Allah ne ya kiyaye."

Aka ce, "Haka ne, haka ne." Baffa ya yi murmushi ya miƙo mini goro, na karɓa da hannu biyu. Ka ji ragon banza. Mutumin da ya tare mota da ƙirjinsa a tsakiyar titi, ya kasa tare tsoho ɗaya da kalma goma. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, maganar da na faɗa gaskiya ce, ba mai kama ni da ƙarya. Na ɓuya a bayan sunan Allah don kada a ce ɗan Inna ba shi da kunya. Har yabona aka yi a garin, wai boko bai lalata ni ba.

Washegari na sami Yaya shi kaɗai na amayar masa da duk abin da ke cikina. Ya ce, "Na sani, Malam. A jikina na ji sanda allurar ta shiga, kamar an ɗaga mini dutse daga ƙirji. Amma tsoho ne, bar shi da abinsa, me zai rage mu? Ni dai na daina busawa." Na samo masa siririyar waya na ɗaura da zare a jikin famfon, don sakace bakin. Ya cika alkawari kuwa, maƙwabcin gonarsa ya shaida mini bai ƙara kai famfo bakinsa ba. Na koma makaranta da sanyin rai, ina ganin na kashe maciji ban karya sanda ba.

Ashe labarin nono ya riga ya fita daga zaurenmu ya shiga gari. Da na zo wani hutun, da kunnena na ji mai gwangwani a kasuwa yana ce wa wani manomi, in ya taɓa ka kada ka damu, ƙwaryar nono ce kawai, je ka tambayi mutanen gidan su wane. Gidanmu yake nufi. Na tsaya na zazzaga masa rashin mutunci har aka taru, aka ba ni haƙuri, aka ja ni gefe. Zagin ɗan kasuwa ai ba wuya, ba Baffana ba ne. Na dawo gida na gaishe da Baffa, na ci tuwo, na yi shiru.

Na gama karatu aka tura ni koyarwa can wajen Haɗeja. Rani na biyu da zuwana, ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Ɗan unguwarmu ne, ya kwana a hanya. Tun kafin ya buɗe baki na ga ya cire hula. An binne Yaya tun jiya.

Bai busa famfo ba. Robar murfin tankin ce ta cinye, magani ya yi ta tsiyaya yana bin gadon bayansa tun safe, cikin zafin rana, shi yana tsammanin gumi ne. Ya faɗi da hantsi, kamar wancan karon. Aka kawo shi zaure, kamar wancan karon. Abin da ya bambanta ɗaya ne, babu wanda ya ruga bakin titi. Titin na nan inda yake, motocin tumatir na wucewa kamar kullum, sha-ka-tafi a buɗe, dattijon da allurarsa suna nan, na je na tambaya daga baya. Aka ɗura masa nono aka kwantar da shi a inuwa, aka zauna ana jira ya tashi, tunda ai an ga ya taɓa tashi. Suka jira tun hantsi har la'asar.

Na zauna zaman makoki kwana biyu ina amsa gaisuwa. Kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na san kwana ne ya ƙare, ba sai an koya mini tauhidi ba. Baffa ya zabge, ya zama kamar ba shi ba, sai jan carbi. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ko a mutuwa ɗan fari ɗan fari ne.

Ran kwana uku matar Yaya ta aiko a kira ni. Da can tsakanina da ita sai wasa, ƙanin miji, ba ta ganina ba ta ce Malam mai alli a gemu ba. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki bayan labule, ta shiga takaba. Ta ce akwai abin da take so in sani, in ba ta faɗa ba zai kashe ta.

Ta ce da aka kawo shi bakinsa bai rufe ba tukuna. Ta ji shi da kunnenta yana cewa, "Kura. Allura. Ku kai ni Kura." Ya faɗa sau uku. Baffa ya tallafo kansa yana lallashinsa kamar jariri, ya ce, "Sha dai, ɗana, sha. Wancan karon ma shi ya tashe ka. Ai ko ƙaninka da ya yi karatun abin, da aka tambaye shi bai musa ba."

Ban san sanda na iso zaure ba. A cike yake, ana shirin addu'ar uku, har da dattijon nan na unguwar gabas. Ban durƙusa ba, ban cire takalmi ba. Na ce nono ba ya kashe dafin feshi, bai taɓa kashewa ba. Na ce wancan karon allura ce ta tashe shi, nono saura ƙiris ya shaƙe shi. Na ce duk wanda abin nan ya taɓa, a tuɓe shi, a wanke shi da sabulu, a sa shi a mota, kada a ba shi komai ta baki. Baffa ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya ce ba ni da kunya.

Duka maganar ba ta ci minti ɗaya ba. Ita ce dai wadda aka tambaye ni a zauren nan, ranar da Yaya ke jingine da wancan bangon yana tsinkar bakin tabarma.